Azarar Kabarin Inna Dije

Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, samarin garinmu sukan yi gayya su shigo makabarta da fartanyoyi da adduna. Kafin azahar kun sheme ciyawa, kun ɗauki hoto da waya, kun fita kuna cewa ashe aikin Baba Tanimu ba wani aiki ba ne. Ba na hana ku, lada kuke nema, Allah ya ba ku. Amma ina biye da ku da sandata ina ta faɗa, har kun laƙaba mini Baba Kar-a-taɓa. Kun ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, da faɗana aka haife ni. Sai dai abin da nake hana ku ɗagawa, wato gutsattsarin tukwanen nan da ke kan kaburbura, yana da dalili, kuma yau zan faɗa muku tun daga tushe.

Ni ban gaji aikin nan ba, rashin zama ne ya kai ni. Ina saurayi babu sana'ar da na cika wata uku a cikinta. Na kora doki a injin matse rake a Makarfi, na gaji da zagaya wuri ɗaya. Na bi fataken barkono zuwa Kudan, na yi faɗa da jaki, na yi da mai jakin. Ranar da mahaifina ya gaji da ni, ya kama hannuna ya kai ni wajen Baba Na'iya, mai kula da makabartar garinmu, nan kan hanyar Gazara. Ya ce, "Ga shi nan, Yaya. Ko mutanen da ba sa tashi za su koya masa zama." Baba Na'iya ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in je in ɗebo ruwa tulu huɗu. A lokacin ana ta maganar Turawa sun kusa tafiya su bar mana ƙasa.

Kabarin farko da na sa wa diga na wani dogon Bafillace ne daga rugar bayan fadama. 'Yan'uwansa suka kawo kara, domin haka ake yi: a ɗora karan dawa a jikin mamaci, a karye shi daidai tsawonsa, a aiko mana. Na shimfiɗa karan a ƙasa, na zana, na hau sara. Baba Na'iya yana zaune yana cin goro, sai da na jiƙe da gumi, sannan ya ce, "Kai, ɗaurin likkafani na kai da na ƙafa, a ina za su zauna?" Ashe ana ƙara taƙi ɗaya a kan kara. Na sake sara ina ƙunƙuni, ga masu makara har sun ɓullo. Ranar na koyi cewa ramin biyu ne. Akwai uwa, mai faɗi, zurfinta zuwa gwiwa, sai ɗa, siriri a tsakiyarta, inda ake kwantar da mutum a kan damansa, kai kudu, fuska gabas. A kan ɗan ake jera rufi. Mu a nan mun fi son tukwane, manya da aka raba biyu, ana kawo mana su daga wajen Janfalan. A jera su a kife, a toshe kafofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a turo busasshiya. Gara ba ta cin tukunya. In babu tukunya sai ice, shi kuwa ice kwanansa ƙidayayye ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Diga ce, da dagi na gyara kusurwa, da fartanya, da lauje, da kwanon sarki guda ɗaya da ya huje muka toshe da tsumma. Shebur sai daga baya muka gan shi. Tono kuma rabin yini ne, kowane ƙato zai iya. Aikin da ba ku gani ba shi ne na bayan an watse. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, sai mu bi layi-layi muna duba inda ƙasa ta tsage, da inda gafiya ta yi rami, da inda kabari ya rufta. In ya rufta a cika shi kafin kare ko dila ya riga mu, kuma ƙasar cikon daga kududdufin waje ake ɗebo ta, ba a yaƙutar ta maƙwabci. Ba a taka kabari, ba a sa wa ciyawa wuta, da lauje ake bin ta a tsugune. Da kaka, in shanu sun shigo cin kara, sai gyaran shinge, a sare ƙaya a cusa tsakanin itatuwan aduruku. Hannuwana har yau da tabon ƙayar nan.

Baba bai iya rubutu ba, ko boko ko ajami, amma makabartar nan kaf a rubuce take a wajensa. In an rufe mutum, sai ya ce wa dangi su kawo fasasshen abu daga gidan. Namiji wuyan tulu ko bakin buta, mace gutsuren tukunyar miya, yaro ɗan tsingaro. Yadda zai kafa shi wajen kai, a tsaye ko a kife ko a kishingiɗe, shi ke tuna masa shekarar. Da haka yake sanin inda ya tsufa har za a iya sake tonawa, da inda in ka sa diga za ka tarar da abin da ba ka so gani. Ya sha nuna mini. Ina cewa to, to, hankalina yana can kan hanyar mota.

Masu zuwa wajenmu iri-iri ne. Akwai wanda zai tsaya a kanka yana cewa ka yi sauri rana tana yi, kamar kai ka kashe masa. Wani attajirin rake ya taɓa cewa a ƙara wa babansa faɗi, Baba ya ce masa ƙasa ba ta san mai rake ba. Akwai waɗanda in sun juya baya ba ka ƙara ganinsu sai ranar da aka kawo su. Akwai kuma masu zuwa ran Juma'a da safe, su yi sallama su ce, "Baba, ina mahaifina?" Baba ya miƙe ya kai su kai tsaye, ba ya lalube. Wannan tambaya ita ce rabin sana'ar, ni kuwa a lokacin na ɗauka diga ce sana'ar. Abin da muke samu damin dawa ne da kaka, da goro, wani lokaci tsohuwar riga.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wata bazara sanƙarau ya shigo mana. Allah kada ya maimaita. Mutum ya yini lafiya, gobe wuya ya sanƙare, jibi an kawo mana kara. Ƙasa ta yi tauri, diga tana tsalle tana dawo maka, sai mun zuba ruwa mun jira ya tsuma. Karare suka riƙa jeruwa a jikin shinge, muna ɗaura wa kowane tsumma don kada mu ba wani ramin wani. Tukwane suka ƙare, matar da ke gina mana su ita ma ciwon ya ɗauke ta. Sai Baba ya tura ni fadama da gatari, ina saro ɗanyen ice, cediya da ɗurumi da duk abin da hannu ya kai, alhali mun san gara za ta cinye shi. A mako guda muka yi layi ɗaya na manya bakwai a gindin gawon can na arewa. Yawancinsu ina fadama aka rufe su. A cikinsu akwai Inna Dije mai waina, wadda ke suya a ƙofar masallaci. Ɗa ɗaya gare ta, Garba, wanda ya tafi Makka a ƙafa tun ina yaro, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Alamar da Baba ya kafa mata gutsuren tandarta ce.

Da ruwa ya sauka ciwon ya lafa, ni ma na tsere. Na gaji da warin jar ƙasa, ƙafata kuma ta fara ƙaiƙayinta. Na faɗa Zariya neman aikin lebura, kuma don ku san rabo ba ya ɓata, aikin da na samu a makabartar Turawa ne. Can kowane kabari da dutsensa a tsaye, da rubutu a jiki. Aka ba ni buroshi da sabulu da guga. Dutse ɗaya yakan ci mini safiya guda: a jiƙa shi, a goge daga sama zuwa ƙasa, gansakukar da ta shige cikin haruffa a bi ta da tsinke, ba da ƙarfe ba, don ƙarfe yana ƙarzar dutse. Ciyawa da langalanga ake share ta, duwatsun gefen hanya a shafa musu farar ƙasa, layi kuwa da igiya ake ja. Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma wurin ya burge ni. Na ce a raina, ashe mu juji muke binne iyayenmu a ciki. Na kusa shekara a can, sai aka aiko cewa yanar ido ta hana Baba Na'iya gani, in dawo gida.

Na dawo da wando da langalanga da girman kai. Baba yana zaure ba ya fita sai an ja shi, makabarta ta zama tawa. A cikin mako uku na rani na yi aikin da har yau nake biyansa. Na bi kaburbura da kwanon sarki ina kwashe tsingaro da wuyan tulu da guntayen sanduna, ina kai wa kududdufi ina zubarwa. Na ja igiya, na daidaita tudun kaburbura, mai tsawo na rage, wanda ya kwanta na ƙara. Na shafa wa duwatsun ƙofa farar ƙasa. Mutane suka yi ta yabo, har mai gari ya zo ya gani ya ce yaron nan ya yo ilmi a birni. Sai na je na jawo Baba da hannu don shi ma ya sa mini albarka. Muna shiga ya sunkuya a kan kabarin farko yana shafa wajen kai. Ya matsa na biyu. Ya matsa na uku.

"Tanimu, ina tsingaron?"

"Na kwashe shara, Baba. Da kana gani da ka ga yadda wurin ya yi fes."

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "Ka wanke allon tun ba a haddace ba."

Garin neman gira na rasa ido. Muka yi wata biyu muna gyara, shi yana tunowa, ni ina kafa sabbin alamu. Tsofaffin kaburbura ya san su da itatuwa da taku, dangi ma suka taimaka. Amma na shekarar sanƙarau suka gagara. Ya ce a makon nan ko sunan 'ya'yansa sai ya yi tunani, tsingaron ne ke riƙe masa. Layin gindin gawo ya san su bakwai ne, ya san sunayensu, amma wa ke bin wa, wannan ya tafi kududdufi.

Da kaka sai ga Garba ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, da doguwar jallabiya irin ta mutanen Sudan, gari ya sa masa Alhajin Ƙafa. Kwanansa ɗaya ya zo makabarta da hantsi, mai unguwa da wasu dattawa suna raka shi. Ranar Baba yana kwance da zazzaɓi. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi gida, na yi masa barka da sauka da gaisuwar rashi. Sannan ya ce, "An ce kai ne mai wurin yanzu. Ina Inna?"

Na kai su gindin gawo. Ga bakwai a jere, duk tsawo ɗaya, duk fes, aikin igiyata. Wallahi na tuna ranar da na ɗaga gutsuren tandar nan, har na juya shi na ga gurbin waina biyu a jiki. Amma daga kan wanne na ɗaga, babu. Dattawan da suka yi jana'izarta suna kallona, su ma ba su riƙe ba, don a makon nan kowa sau nawa ya shigo. Mai unguwa ya ce, "Nuna masa mana, ai kai ne ɗan birni." Kunya ta kama ni. Na miƙa hannu na nuna na tsakiya na ce, "Wannan ne, Alhaji."

Ya durƙusa a gefensa ya ɗora tafin hannu a kan ƙasar. Ya ce, "Inna, na dawo." Ni na koma jikin shinge ina gyara ƙayar da ba ta lalace ba.

Da la'asar na je duba Baba. Labari ya riga ni.

"An ce ka nuna wa Garba."

"Na nuna, Baba."

"Ka san shi ne?"

Ya juyo da fararen idanunsa wajena ya ce, "Tashi ka je ka faɗa masa tun abin yana ɗanye."

Na ce ba zan iya ba. Na ce ya bari in gano na gaskiyar tukuna, in kai masa ciwo da magani tare. Na ce ko in zura dagi in ji abin da ke ciki. Ya daka mini tsawa, ya ce kabari ba ramin gafiya ba ne. Da ya huce sai ya ce akwai hanya ɗaya, amma ta masu haƙuri ce, ba tawa ba. Ranar da Inna Dije ta rasu ice ya yanke, ni kuma ban dawo daga fadama ba, sai maƙwabta suka zare azara daga rufin ɗakinta suka yanka aka rufe ta da ita. Azara giginya ce, gara ba ta iya mata. Sauran shidan ice ne. "Duk za su rufta," in ji shi, "ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rage a tsaye shi ne nata. In wanda ka nuna ne, Allah ya rufa maka asiri. In ba shi ba, ramin ƙarya ƙurarre ne."

Haka na shiga jiran damina kamar manomin da ya ci irinsa. Daminar farko biyu suka rufta, na cika su, na kafa musu alama. Ta biyu wasu biyun suka bi. Na tsakiya yana nan. Tsakanin nan Baba ya rasu, ni na tona masa, na kafa masa wuyan tulun da nake ɗebo masa ruwa da shi. Saura uku a layin: na jikin saiwar gawo, na tsakiya, da na can ƙarshe. Duk daren da aka yi ruwa, gari na wayewa nan nake fara zuwa, kafin in duba ko'ina.

Alhaji kuwa ba ya fashin Juma'a. Yakan zo da 'yar fartanyarsa ya cire ciyawar na tsakiya da kansa, ya yi addu'a, sannan ya zauna a inuwar gawo ya kira ni. Ya miƙo mini dabino, ya hau ba ni labarin hanya, yadda ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan don ya sami guzuri, da yadda ya binne abokan tafiya a wuraren da ba su da suna. Wata rana ya ce, "Ka san ɗakin nan ni na gina mata kafin in tafi? Azarar a kasuwar Makarfi na saya, kowace sai da na ƙwanƙwasa na ji ƙararta. Da na dawo na ga ɗakin a buɗe raina ya ɓaci, da aka faɗa mini inda azarar ta tafi sai na gode Allah. Ka ga na gefe suna ta ruftawa? Nata ba zai motsa ba." Ashe shi ma ya san hanyar da Baba ya faɗa mini.

Sau biyu ina ƙulle kayana in gudu. Sau ɗaya har na kai tashar Makarfi, na ga hadari ya haɗo ta gabas, na tuna babu wanda zai duba layin gobe, na juyo. Ban taɓa zama wuri ɗaya kamar shekarun nan ba, kuma ban taɓa rasa natsuwa kamar su ba. A tsorace nake da mutumin, kuma ina ƙaunarsa.

Damina ta uku, cikin marka, aka yi kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ran Juma'a da sassafe na shigo, tun daga nesa na ga tsakiyar layin ya lotsa. Na matsa. Ya rufta har gwiwa, ga ruɓaɓɓun sandunan cediya sun leƙo, irin waɗanda na saro da hannuna. Na duba rana. Alhaji ba ya zuwa sai hantsi. Kwano uku na ƙasa sun isa, in daddaɓe, in yayyafa ganye, ba mai sani, kuma cikon kabari ai aikina ne, ba wanda zai tambaye ni. Na ruga kududdufi na ciko kwanon farko, na ɗauko a ka, na zo bakin ramin na tsaya. Ba zan ce muku tsoron Allah ne kaɗai ba, gajiya ma tana ciki. Na san baɗi zai sake lotsawa, in sake cikawa, in ci gaba da cin dabinon mutumin nan. Na sauke kwanon a gefe na zauna a kansa ina jira.

Ya zo da 'yar fartanyarsa a kafaɗa. Ya yi sallama, bai ƙarasa ba ya ga ramin. Ya sunkuya ya zaro sanda ɗaya, ta marmashe a hannunsa.

"Tanimu, wannan ai ice ne."

"Ice ne, Alhaji."

"Ina azarata?"

"Ba kabarin Inna ba ne. Ni na kwashe alamomin kafin ka dawo. Ranar da ka tambaye ni ban sani ba, kunyar mutane ta sa na nuna maka wannan."

Ya dube ni, ya dubi ramin. Na so ya mare ni, da na ji sauƙi.

"Shekara uku wa nake ce wa Inna?"

"Ban sani ba, Alhaji."

"Na taka ƙasa daga nan har Makka ban ɓata ba," in ji shi a hankali, "sai a garinmu."

Na ce ya yafe mini. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "To ina take?" Na nuna masa biyun da suka rage, na jikin saiwar gawo da na can ƙarshe. Na ce ɗaya daga cikinsu ne, wanda bai rufta ba shi ne nata, mai yiwuwa damina mai zuwa ta raba mana.

"Wannan karon ka tabbata?"

"Abin da na tabbatar ke nan kawai, Alhaji. Azara ba ta karyewa."

Ya nuna ramin da haɓa ya ce, "Tashi ka rufe wa bawan Allah nan, kada kare ya zo." Ya tsaya har na gama, sannan ya tafi.

Bai daina zuwa ba, amma ya daina zama. Yakan tsaya a gefen layin, ya fuskanci wannan ya yi addu'a, ya taka ya fuskanci wancan ya yi. Ba dabino, ba labarin Sudan. In zai fita sai ya ce, "Akwai labari?" in ce, "Babu tukuna, Alhaji." Har da rani yake tambaya, lokacin da shi da ni mun san ƙasa ba ta motsi. Ni ma na shiga roƙon ruwa fiye da masu gona.

Da bazara tari ya kama shi. Kafin ruwan farko aka kawo mini karansa. Danginsa suka ce ya bar wasiyya a sa shi kusa da mahaifiyarsa, suka ce in nuna wurin. Ga mai unguwa, ga liman, ga rabin gari a bakin shinge. Na ce, "Ban sani ba." Aka yi ta kallon-kallo. Na sake faɗa da ƙarfi don na baya su ji, na faɗi dalili. Liman ya ce a sa shi a sabon wuri, ƙasa duk ta Allah ce. Na tona masa can kudu, nesa da gawo, na rufe shi da tukwane masu kyau.

Marka ta dawo a kan lokacinta. Wata safiya ana yayyafi na shigo na ga na can ƙarshe ya rufta, ga guntayen marke a ciki, ice mai ƙarfi, shi ya sa ya daɗe. Na juya na dubi na jikin saiwar gawo. Yana nan daram, ko tsagewa bai yi ba. Na yar da fartanya, na fita a guje ina kiran Alhaji tun daga ƙofar makabarta. Sai da na kai bakin masallaci na tuna cewa da hannuna na rufe shi.

Na daɗe a tsaye a wurin ruwa yana dukana. Sannan na juyo, na koma na cika ramin.